Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nazarin Littafi da Fim kan Mutum Biyu a Teku

Daga Birnin Ƙonni zuwa bakin teku mafi kusa akwai tazarar da ta haura kilomita 800, saboda haka mai karatu yana da hujja idan ya tambayi abin da ya haɗa manomin albasa na Galmi, ko ɗan kasuwar Illela, da labarin Turawan da ke sayar da gidajensu su sayi jirgin ruwa mai ƙyalle wanda iska ke turawa, su faɗa teku daga miji sai matarsa. Amsar tana nan cikin kwarin Majiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakinta cikin watan Agusta, ya ga yadda busasshen rairayi ke komawa gulbi tsakanin azahar da la'asar, ya san ruwa ba sai ya kai girman teku yake cin mutum ba. Tambayar da irin waɗannan labarai ke ɗauke da ita kuwa ta shafi kowane gida da ke maƙwabtaka da ruwa: idan masifa ta sauka, kuma wanda ya san aikin shi ne ya fara faɗuwa, me wanda ya rage ya sani?

Ayyuka biyu ne wannan nazari zai auna da wannan tambaya. Na farko littafin Sophie Elmhirst ne, ƴar jaridar Ingila, mai suna Maurice and Maralyn, wanda ya fito a 2024, ya ci babbar kyautar Nero a 2025, sa'an nan aka sake buga shi a Amurka cikin shekarar ta 2025 da sunan A Marriage at Sea. Na biyu fim ne na Baltasar Kormákur, Adrift, wanda aka saki a 2018, Faransawa suka kalle shi da sunan À la dérive. Dukansu an gina su a kan abin da ya faru da gaske, kuma dukansu an tallata su da sunan labarin soyayya. Wannan suna ya taimaka wajen ciniki, amma ya lulluɓe abin da ya fi amfani a cikinsu.

Kwana 118 a kan roba

Maurice Bailey mai jera haruffa ne a maɗaba'a, matarsa Maralyn kuma ma'aikaciyar ofishin haraji ce a garin Derby na Ingila. Sun yi aure a 1963. Ita ce ta kawo shawarar a sayar da gida a sayi jirgi, suka yi shekaru suna tattali har suka mallaki Auralyn, jirgi mai tsawon mita 9 da rabi. Cikin watan Yuni na 1972 suka tashi daga Southampton da niyyar zuwa Niyu Zilan. Sun haye Tekun Atilantika lafiya, suka ratsa mashigin Fanama cikin Fabrairun 1973, suka nufi tsibiran Galafagos.

Da asubar 4 ga Maris 1973, babbar dabbar tekun nan da Faransawa ke kira balen ta bugi jirgin ta huda shi a ƙarƙashin ruwa. Suka yi ƙoƙarin toshe ramin da kwashe ruwan, abin ya faskara. Suka hura jirgin ceto na roba mai rumfa, suka ɗaure shi da wani ƙaramin kwalekwalen roba, suka kwashi ruwan sha da gwangwanayen abinci da ba za su wuce ƴan makonni ba, da kamfas, da ma'aunin tsayin rana da ake kira sekistan. Maralyn ta ɗauki hoton jirgin yana nutsewa. Daga nan suka shiga rayuwar da ta kai su ranar 30 ga Yuni, lokacin da wani jirgin kamun kifi na Koriya ta Kudu, Weolmi 306, ya tsince su bayan igiyar ruwa ta ja su kimanin kilomita 2,400. Kowannensu ya rasa wajen kilo 18 na nauyin jikinsa, ba su iya tsayuwa da ƙafafunsu. Littafin da suka rubuta da kansu a 1974 ya ɗauki sunan kwana 117, ko da yake lissafin gaskiya 118 ne.

A tsakanin waɗannan ranaku biyu jiragen ruwa bakwai suka wuce su ba tare da sun gan su ba. Harsasan hasken da suka tanada don neman agaji sun ƙi tashi a lokacin da aka fi bukatarsu. Sun gwada tuƙi da hannu cikin dare don su kai Galafagos, igiyar ruwa ta fi ƙarfinsu. Sun rayu da ruwan sama da suke tarawa, da ɗanyen naman kififiyar teku, da tsuntsaye, da kifin da suke kamawa da ƙugiyoyin da Maralyn ta lanƙwasa daga fil irin na maƙale tufafi. Robar ta huje, dole su riƙa hura ta dare da rana. Da Maurice ya yanke ƙauna, matarsa ce ta tsara lokacin ci da na aiki, ta yanka takarda ta yi musu karta, ta sa shi zama su zana jirgin da za su saya idan sun tsira. Shi kansa bai taɓa ɓoye cewa ba don ita ba da bai kai labari ba.

Abin da littafin ya gani da abin da ya sassauta

Ta fuskar salo, Elmhirst ta yi aikin gwani. Ta ɗauki littattafan ma'auratan, da rubutun yau da kullum na Maralyn, da jaridun zamanin, ta saƙa su da gajerun jimloli marasa ado har mai karatu ya manta cewa ba ƙagaggen labari yake karantawa ba. Ba ta tsaya a ranar ceto ba, inda yawancin masu ba da irin wannan labari ke ajiye alƙalami. Ta bi su zuwa shagulgulan da aka yi musu a Koriya, da komawarsu teku a jirgi na biyu har Fatagoniya, da rasuwar Maralyn, da dogon kaɗaicin da Maurice ya zauna a ciki har ya rasu a 2018. Wannan kashi na ƙarshe shi ne mafi nauyi a littafin, domin a nan ne ake ganin mutumin da ya tsira daga teku ya kasa tsira daga rashin matarsa.

Haka kuma ta kyauta wajen nuna yadda matsayi ya juya. A cikin Auralyn, Maurice ne shugaba, shi ke riƙe da taswira da lissafin hanya, Maralyn na kula da guzuri. A kan roba, inda taswira ba ta da sauran iko, ilimin da ake ɗauka ƙarami shi ya koma babba: auna abinci, adana ruwa, sarrafa ɗan abin da ke hannu, da riƙe zuciyar wanda ya karaya. Mace Bahaushiya da ta taɓa raba tiya ɗaya ta hatsi ga gida guda a watan bazara za ta gane Maralyn tun kafin a fassara mata sunanta.

Raunin littafin yana wurin jigonsa. Marubuciyar ta ɗauki jirgin robar a matsayin misalin aure, wato mutum biyu a ƙuntataccen wuri, ba mafita, kowa na dogara da ɗan'uwansa. Misalin yana da kyau, amma da zarar an karɓe shi sai kowane kuskure ya koma hali, ya daina zama kuskure. Abubuwa uku za su bayyana wannan. Maurice ya ƙi sa na'urar aika saƙo ta rediyo a jirgin da gangan, domin yana son ya yanke hulɗa da duniya, kuma ba ya son ya dogara da kowa. Kayan fatsa ba su shiga cikin abin da suka tsira da shi ba, shi ya sa aka koma ga fil. Maralyn kuma, wadda ta haye teku guda ta shiga na biyu, ba ta iya iyo ba. Littafin bai ɓoye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai dai ya jera su a matsayin alamomin taurin kan miji da ƙarfin zuciyar mata, har mai karatu ya ji suna burge shi. Alhali kuwa waɗannan abubuwa uku su ne suka mai da haɗarin sa'a guda ya zama azabar wata huɗu.

Akwai tambayar da ta dace a yi, wadda misalin aure ya hana a yi ta da ƙarfi. Kwalekwalen nasu ya kife fiye da sau ɗaya cikin hadari. Da a ɗaya daga cikin waɗannan lokuta ruwa ya tafi da Maurice, da Maralyn ta rage ita kaɗai, ba iyo, kuma lissafin hanya ba aikinta ba ne. Da kuma ita ruwan ya ɗauke, da ya rage shi kaɗai da sekistan a hannu da zuciyar da ta riga ta mutu. Kowannensu rabin matuƙi ne. Sun tsira ne domin ba a raba rabin biyu ba, kuma wannan sa'a ce da Allah Ya ba su, ba tsari ne da suka yi ba. Littafin da ya kira wannan nasarar soyayya ya faɗi gaskiya, amma bai faɗe ta duka ba.

Fatalwa a cikin jirgi

Labarin da fim ɗin Adrift ya ɗauko ya zo da ainihin abin da aka yi tsoro a sama. A 1983 wata Ba'amurkiya ƴar shekara 23, Tami Oldham, da saurayinta Richard Sharp ɗan Ingila, wanda aka yi musu baiko, suka karɓi aikin kai wani jirgi mai suna Hazaña daga Tahiti zuwa San Diego. Cikin watan Oktoba guguwar da aka sa wa suna Raymond ta riske su a tsakiyar Fasifik. Richard ya tura ta cikin ɗakin jirgin ya tsaya a kan matuƙi. Jirgin ya wuntsila, ta bugu a kai ta suma. Da ta farfaɗo bayan fiye da yini guda, Richard ba ya nan, turakun da ke riƙe da ƙyallen sun karye, injin da rediyo sun mutu, ruwa ya shiga ɗaki.

Abin da ta yi bayan haka shi ne zuciyar labarin. Ta kwashe ruwan, ta kafa wani guntun sanda ta ɗaura masa ƙaramin ƙyallen hadari, ta riƙa auna tsayin rana da sekistan don ta san inda take tsakanin kudu da arewa, ta kai jirgin daidai layin tsibiran Hawayi, sa'an nan ta bi layin yamma. Kuskure kaɗan a lissafin zai sa ta wuce tsibiran ta shiga tekun da ba shi da iyaka. Bayan kwana 41 ta isa Hilo. Daga baya ta rubuta labarin a littafinta Red Sky in Mourning.

Kormákur ya san ruwa, kuma ya ɗauki yawancin fim ɗin a kan teku na gaskiya. Shailene Woodley ta fito da wahalar aikin a jikinta: daddatsewar hannu, ƙunar rana, da jan igiya. Amma masu tsara labarin sun yi wata dabara da ta cancanci suka. A fim ɗin, Tami ta hango Richard yana maƙale da ƙaramin kwalekwale, ta yi iyo ta jawo shi, ta kwantar da shi da karyayyun haƙarƙari, yana ba ta shawara da ƙarfin gwiwa har kusan ƙarshe, inda ake bayyana wa mai kallo cewa tun ranar guguwa ya mutu, gizo ne kawai yake yi mata. Gaskiya ne Tami ta ba da labarin wata murya da take ji a kwanakin kaɗaici. Sai dai mai da muryar ta zama namiji kwance a bayan jirgi yana da ma'anar da ta wuce dabarar riƙe mai kallo. Yana nuna cewa masu fim ɗin ba su amince jama'a za su zauna sa'a ɗaya da rabi suna kallon mace tana lissafi ita kaɗai ba. Sakamakon haka, mai kallo yana fita da tunanin cewa ƙaunar mamaci ce ta kai ta gaɓa, alhali abin da ya kai ta shi ne ta koyi tuƙi da awon rana tun Richard yana da rai.

Idan aka ɗora ayyukan biyu a kan sikeli ɗaya, za a ga sun yi tarayya a aibi guda. Littafin ya ɗauki ƙarancin shiri ya yi masa ado da soyayya, fim ɗin kuma ya ɗauki cikakken shiri ya ɓoye shi a bayan soyayya.

Ilimin da ake rabawa biyu

Masu yawon teku su biyu sun daɗe da fahimtar wannan matsala, kuma ka'idojin da suka fitar ba su da wani asiri. Babban abin tsoronsu shi ne ɗaya ya faɗa ruwa. A jirgi mai ma'aikata shida, wani zai tsaya yana nuna wanda ya faɗa da yatsa ba ya kau da ido, wani ya karɓi matuƙi, wasu su sauke ƙyalle. A jirgin mata da miji, mutum ɗaya ne zai yi duk wannan, sa'an nan ya ɗago jikin da sau da yawa ya fi nasa nauyi, jiƙe da ruwa, zuwa kan jirgi mai tangaɗi. Saboda haka ka'idar farko ita ce kada a faɗa: mai gadi yana sa rigar kariya, yana ɗaure kansa da igiya a jikin jirgin, kuma ba ya barin wurin matuƙi da dare sai ya ta da abokin tafiyarsa. Ana raba gadi sa'o'i uku ko huɗu, domin gajiya ita ce uwar kurakurai. A shekarun 1980 wasu matuƙa a Seattle suka ƙirƙiro wani abin ceto mai suna Lifesling, ɗamara mai yawo a kan ruwa haɗe da doguwar igiya, wadda mutum ɗaya zai ja ya kewaye wanda ya faɗa har ta iske shi, sa'an nan ya ɗago shi da na'urar jan ƙyalle. Ana so mafi ƙarancin ƙarfi a cikin biyun ya gwada wannan da hannunsa a ranar da ruwa ke kwance, ya maimaita har ya zame masa jiki.

Ka'ida ta biyu ita ce jakar gaggawa, wadda ake haɗawa tun a tashar jirgi a ajiye kusa da ƙofa: ruwa, magani, ƙugiya da zare, madubin haska wa jirgi, da harsasan haske waɗanda aka duba ranar lalacewarsu. Ta uku ita ce hanyar kiran agaji. Tsarin taurarin ɗan'adam na Cospas-Sarsat, wanda Faransa da Kanada da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kafa, ya fara ceton rayuka a 1982, kuma ƙaramar na'urar da ke aika masa saƙo tana sanar da inda jirgi yake cikin ɗan lokaci. A 1973 babu wannan, amma rediyo akwai shi. Ta huɗu an koye ta da tsada a gasar Fastnet ta 1979 tsakanin Ingila da Ailan, inda hadari ya kashe matuƙa 15: daga cikin jirage 24 da aka gudu aka bari, an samu 19 daga baya suna yawo a kan ruwa, alhali wasu daga cikin waɗanda suka koma jiragen roba sun mutu. Tun daga nan ake koyar da cewa ba a barin jirgi sai shi ya bar mutum.

Abin da ya ɗaure waɗannan ka'idoji wuri ɗaya shi ne kowane aiki da rai ya rataya a kansa, dole mutum biyun su iya shi. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Teku ya ƙara da cewa kowane hannu ya san yadda zai yi ranar da ɗayan ya karye.

Daga Fasifik zuwa Majiya

A nan akwai ƙorafin da ya kamata a saurara. Bailey da matarsa su suka zaɓi haɗari, da kuɗinsu, don jin daɗinsu. Wanda ke shiga kwalekwale a ƙasar Hausa kasuwa za shi, ko gona, ko makaranta, kuma babu gada. Kwatanta su biyun yana iya zama rashin adalci, musamman idan aka ƙare da ɗora wa talaka laifin rashin rigar kariyar da bai taɓa gani ba. Ƙorafin gaskiya ne, kuma ba abin da ke cikin waɗannan labarai da zai sauke wa hukuma nauyin gina gadoji, da ƙayyade lodi, da samar da rigunan kariya a mashigai. Amma wanda ya shiga ruwa bisa tilas ya fi mai yawon shaƙatawa bukatar ilimin tsira, kuma mafi yawan ilimin ba saye ake yi ba.

Ruwan wannan yanki sananne ne. Majiya tana gangarowa daga duwatsun Adar, ta ratsa ƙasar Malbaza da ta Ƙonni, ta tsallaka iyaka ta zube a tabkin Kalmalo. Madatsun Mozage da Zango, da matarar Cerasa, su ke shayar da gonakin noman rani na Ƙonni. Galmi tana da nata madatsi, akwai kuma tabkin Ɗan Dutsi a yammacin Adar, inda masunta ke kamun kifi. Ƙoramu marasa adadi suna yanke hanyoyi kowace damina. A 2024 ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi. A tsallaken iyaka kuwa, cikin Afrilun 2022 kwalekwale ya kife a gulbin Shagari na jihar Sakkwato da mutanen ƙauyen Gidan Magana, 29 suka rasu, galibinsu yara da matasa da suka fita neman itacen girki. A ƙarshen Nuwamban 2021 irin haka ta faru a madatsin Watari da ke Bagwai ta jihar Kano, inda yawancin mamatan ɗaliban Islamiyya ne. Cikin Agustan 2025 wani jirgin ɗauke da fiye da mutum 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nutsewa ta kashe kimanin mutum 300,000 a 2021, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a.

Wanda ya duba waɗanda ke mutuwa a irin waɗannan haɗurra zai ga tsarin Auralyn ne aka faɗaɗa. Ilimin ruwa a ƙasar Hausa yana da masu shi: Sarkin Ruwa, da Sarkawa, da masunta waɗanda ke kwanciya a kan gora su ratsa gulbi kamar yadda ake gani a bikin Argungu. Ilimi ne mai zurfi, amma gado ne na wasu gidaje, kuma a cikin gidajen ma yawanci na maza ne. Fasinja, wanda sau da yawa mace ce da goyo ko yarinya da aka aika, an bar shi da addu'a kawai. A jahar Tawa, inda magidanta da yawa ke tafiya neman kuɗi Abijan ko Libiya ko Najeriya, wasu su shekara ba su dawo ba, matar gida ce ke tsaye ranar da ruwa ya shigo da dare. Ita ce Tami ta wannan yanki, sai dai ba wanda ya koya mata awon rana.

Abin da za a iya ɗaukowa daga ka'idojin teku ba shi da tsada. Jarka mai lita 20, babu kome ciki, an toshe bakinta da kyau, tana ɗaga nauyin da ya kusa kilo 20 a ruwa, wanda ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama muddin yana rungume da ita. Ba ta kai rigar kariya ba, domin riga tana riƙe wanda ya suma, amma tana cikin kowane gida. Kwalekwalen katako da ya kife yakan ci gaba da yawo, saboda haka riƙe shi ya fi a nufi gaɓa mai nisa da iyo. Wanda ke kan tudu ya miƙa sanda ko ya jefa igiya ko jarka, kada ya yi tsalle ya bi mai nutsewa, domin ta haka gawa ɗaya ke zama biyu. Wanda aka tsamo ba ya numfashi, hura masa iska a baki da danna ƙirji yake bukata nan take. Juya shi ƙasa da matsa masa ciki don a fitar da ruwa ɓata lokaci ne, kuma yana iya sa amai ya toshe masa hanyar iska. Game da ƙorama mai gudu, hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa zurfin santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 ya ɗaga ƙaramar mota, 60 kuma ya tafi da babba. Jakar gaggawa ma tana da takwararta: takardun haihuwa da na gona a cikin leda, da tocila, da magani, a wurin da miji da mata da babban yaro duk suka sani, tare da tudun da aka amince za a haɗu.

Ba a rasa mai cewa wanda ruwa zai ci ba ya tsallake ranarsa. Malaman wannan ƙasa ba su taɓa koyar da cewa tawakkali ya hana ɗaure raƙumi ba, kuma jirgin Annabi Nuhu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an sassaƙa shi ne tun sama ba ta haɗa hadari ba.

Kammalawa

Littafin Elmhirst ya cancanci a karanta shi, ya kuma cancanci a fassara shi da Hausa, musamman yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Mai karatun da ya tashi da labaran Sindbad zai sami a cikinsa abin da waɗancan ba su ba shi ba, wato matafiyin teku mai tsoro, mai kuskure, da mace wadda ba jira take a gida ba. Fim ɗin Kormákur ya gaza littafin a zurfi, amma ya fi shi nuna aikin hannu, kuma minti goma na Tami tana ɗaura ƙyalle a kan karyayyen jirgi sun fi duk maganganun fatalwar daraja. Sharaɗin kawai shi ne a karance su ba bisa tallar da aka yi musu ba. Wanda ya rufe littafin yana cewa Allah Ya ba shi mace irin Maralyn ya ɗauki rabin darasi. Sauran rabin yana wurin magidancin da zai tambayi kansa abin da ya sani game da ruwan garinsu wanda matarsa da ƴaƴansa ba su sani ba, ya kuma koya musu shi tun cikin rani, lokacin da Majiya take rairayi.